Albasa a Tsakar Gida: Lissafin Riba da Wahala a Nguru da Gashuwa

Duk mai riƙe da kuɗin cefane a Nguru ko Gashuwa ya san albasa fuska biyu gare ta. Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da masu lambu ke kwaso ta daga fadama, sai a jibge ta a bakin kasuwa ana roƙon mai saye, kashi ɗaya ya kai gida kwana da kwanaki. Da damina ta yi nisa kuwa, daga Agusta har ƙarshen shekara, sai ta koma kayan gabas, uwargida ta raba ƙwaya ɗaya gida biyu, rabi na miyar rana, rabi na dare. A ƙarshen 2020 tsadarta ta kai har ta zama abin magana a duk faɗin Najeriya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin tayar da injin ban ruwa da kuɗin mota suka hau, suka biyo albasa har cikin tukunya.

Wannan ne ya sa ake yawan kiran jama'a da su shuka tasu a gida. Kiran yana da kyau, amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: shin abin yana biyan wahalarsa a gari irin namu, inda ƙasar rairayi ce, ruwa kuma sau da yawa na saye ne? Yana biya, sai dai da sharuɗɗa. Ribar tana ga wanda ya kiyaye lokaci, ya yi lissafin ruwa tun kafin ya haƙa ƙasa, ya kuma iya ajiya.

Yankin da ya saba da lambu

Noman rani ba baƙo ba ne a nan. Nguru tana bakin tafkin da mashigar Marma ke kawo wa ruwa daga Kogin Haɗeja. Gashuwa kuma tana gaɓar Kogin Yobe, wanda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su samar. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin manyan dausayoyin duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tun kaka da kakanni Badawa da Mangawa da Hausawan yankin suke bin ruwa in ya ja baya suna shuka. Da can da jigo ake ban ruwa, yanzu da inji.

Sai dai ruwan ya sauya hali. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, ambaliyar da fadama ta saba samu ta ragu. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wani wuri ruwa ya kwanta shekara bai janye ba, wani wuri ya daina zuwa. A 2022 kuma ruwan ya zo da ƙarfin da ya cinye gonaki da gidaje a Jigawa da arewacin Yobe. Mai lambun da bai san yadda ruwan bana zai kasance ba, ba zai iya yi wa kasuwa alkawarin farashi ba.

Duk da haka ilimin noman albasa yana nan kusa, a hannun mutanen da ake haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Abin da mai shuka a gida zai riƙe kawai shi ne tsakar gida ba fadama ba ce. Mai lambu yana da laka mai riƙe danshi da kogi a gefensa. Mai gida yana da rairayi, da jarka, da awaki masu jiran ya juya baya.

Lokaci ne gaba da komai

Albasa tana aikinta hawa biyu. Da farko ganye take yi, kuma kowane ganye shi ne zai zama ɓawo ɗaya a cikin kan albasar. Idan yini ya kai wani tsawo, zafi kuma ya fara shigowa, sai ta daina fitar da sabon ganye ta koma tara abinci a gindi. Saboda haka girman kai ya dogara ne ga yawan ganyen da ta samu yi kafin wannan juyi. Wadda ta yi ganye goma ko sha biyu za ta cika hannu. Wadda zafi ya riska tana da huɗu ko biyar ba za ta wuce girman goro ba, ko nawa aka zuba mata taki.

Sanyin hunturu shi ne lokacin yin ganyen. Don haka jadawalin yankinmu a bayyane yake: a yafa iri daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe a Nuwamba ko farkon Disamba, a cire daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, kafin zafin bazara da ke haura digiri 40 ya kankama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga albasa ta yi kyau a lambun wani a watan Janairu, sha'awa ta kama shi ya je ya yafa iri. A lokacin an riga an bar shi a tasha. Wuce gona da iri wajen sammako ma yana da tasa illar: dashen da ya riga ya girma sosai kafin tsananin sanyi yakan fitar da kara ya yi fure, irin wannan albasar kuwa ba ta ajiyuwa.

Tsawon yini kuma shi ke tantance irin da zai yi a nan. Nguru da Gashuwa suna kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Yininmu mafi gajarta a Disamba ya ɗan haura awa 11, mafi tsawo a Yuni bai cika awa 13 ba. Albasar ƙasashen arewacin Turai tana jiran yinin awa 14 ko fiye kafin ta fara kai. Wanda aka kawo wa irin wannan tsaraba a takarda mai kyan hoto zai yi ta ban ruwa yana samun ganye har ya gaji, ba zai ga kai ba.

Zaɓen iri

Irin da ya fi suna a Afirka ta Yamma shi ne na Galmi, wani gari a Jihar Tawa ta Nijar, kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. 'Yar Galmi ja ce mai ratsin shuɗi, tana da yaji, tana jure ajiya. Akwai jar albasar da manoman Kano da Sakkwato da Aliero ta Jihar Kebbi suka daɗe suna riƙe da irinta, akwai kuma na gwangwani irin su Red Creole da Bombay Red, waɗanda su ma na gajeren yini ne. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, ja mai yaji da tauri ta fi daɗewa a ajiye, manya masu ruwa-ruwa da ɗan zaƙi kuwa na ci ne nan da nan.

Irin albasa ba ya da tsawon rai. A zafi irin namu, in ya shekara ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, shi ya sa mai saye a kasuwa ke iya komawa gida da mataccen iri ba tare da ya sani ba. Gwajin ba shi da wuya. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa. Bayan kwana goma, in waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba, a nemi wani. Ba a kuma buƙatar mai yawa, domin giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya fiye da 250. Cokalin shayi guda ya ishi gida.

Ga mai farawa, hanya mafi sauƙi ita ce ya tsallake raino gaba ɗaya. A watan Nuwamba ya je wurin mai lambun da ya yarda da shi ya ce, "Baba, a sayar mini da dashe dami ɗaya." Ya huta da makonni shida na lallaɓa jariran tsiro, ya kuma samu irin da aka riga aka gwada a ƙasar yankin.

Raino da dashe

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, nesa da inuwar darbejiya da saiwoyinta. Rairayi ba ya riƙe ruwa ko abinci, don haka sai an gyara shi. A cakuɗa shi da takin shanu ko na awaki da ya riga ya ruɓe, in da hali a ƙara laka daga fadama. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona tsiro yake yi. A yi fangali mai ɗan zurfi da kunya kewaye da shi domin ruwa ya tsaya, faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Mai yin raino da kansa ya ja layuka marasa zurfi, ya yafa iri, ya rufe da ƙasa kaurin santimita ɗaya, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma zai ga tsiron ya ɓullo a lanƙwashe, kai da gindi duk suna cikin ƙasa, bayan kwana biyu ko uku ya miƙe da baƙin ɓawon irin maƙale a bakinsa. Da an ga haka a ɗauke ciyawar, in ba haka ba tsiron ya yi tsawo ya yi rauni. A wannan mataki yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kisa, domin yakan ruɓar da su daga gindi su kwanta a dare ɗaya.

Bayan mako shida zuwa bakwai, in tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, ya isa dashe. A jiƙa wurin rainon kafin a tumɓuke, a dasa da yamma in rana ta yi sanyi. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya ya isa, domin wadda aka binne da zurfi ba ta sakewa ta yi kai mai kyau. A bar santimita 15 tsakanin layi da layi, 10 zuwa 15 tsakanin tsiro da tsiro. Saiwar albasa a sama-sama take, ganyenta kuma ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa, saboda haka cirar ciyawa da hannu ake yi, a kai a kai. Fartanya tana yanke saiwa. Mai amfani da takin zamani ya barbaɗa ɗan NPK kafin dashe, ya bi da ɗan yuriya a mako na uku da na shida, daga nan ya tsaya. Yuriyar da aka zuba bayan albasa ta fara kai tana kumbura wuya, mai kaurin wuya kuwa ita ke fara ruɓewa a ajiya.

Lissafin ruwa

Nan ne ake gane ko noman zai biya. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma a lambu ruwan da ta samu shi ke yanke mata hukunci. Yawancin saiwarta ba ta wuce santimita 30 a ƙasa, don haka ba ta iya bin danshi zuwa can ciki. Kaɗan-kaɗan take so, kullum. A rairayi, ga iskar hunturu mai busar da komai, kowace murabba'in mita tana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a yini.

Mu ɗauki fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku. In an dasa da tazarar santimita 15 ta kowane ɓangare, zai ɗauki tsiro kusan 130. Ruwansa a yini ya tasam ma jarka ɗaya mai lita 20. Daga dashe zuwa cira kwana ɗari ne ko fiye kaɗan, wato jarka 80 zuwa 100. In komai ya tafi daidai za a samu albasa kilo goma zuwa goma sha uku, wadda za ta kai gidan da ke cin ƙwaya biyu a yini kimanin wata biyu. Yanzu mai karatu ya tambayi ɗan garuwan unguwarsu kuɗin jarka, ya ninka sau ɗari, ya kwatanta da kuɗin kilo goma sha uku na albasa a watan Maris. Wanda duk ruwansa na saye ne zai ga lissafin bai fita ba.

Amma gida yana zubar da ruwa mai yawa da bai ƙazantu ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da gero, ruwan ɗauraye kayan miya, duk suna tafiya kwata a banza. Gidan da ya ajiye bokiti a wurin alwala ya riga ya samu kaso mai tsoka na abin da fangali ɗaya ke buƙata. Abin da za a guje wa shi ne ruwan omo da na wanki, da ruwan rijiyar da ake jin kanwa ko gishiri a cikinsa, wanda ba baƙon abu ba ne a arewacin Yobe. Albasa tana cikin kayan lambun da suka fi kasa jure gishiri. Alamarsa ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye yana ƙonewa. Shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi tsakanin layuka yana rage bushewa, haka ma binne tulu maras fenti har wuya a tsakiyar fangali, a riƙa cika shi yana tsattsafowa a hankali.

Abokan gaba

Na farko su ne na cikin gida: akuya, kaza da ƙadangare. Zana ko darni na kara ya isa tare akuya, tsohon gidan sauro kuma yana kare wurin raino. Na biyu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ke ɓuya a matsatsin da ganye ke haɗuwa da ganye. In aka buɗa da yatsa aka zuba ido za a gan su suna gudu, launinsu ɗorawa-ɗorawa. Suna kankare ganye suna tsotse ruwansa, su bar shi da fararen zane masu ƙyalli. Sun fi yawa in sanyi ya fara ja da baya a Fabrairu. 'Ya'yan darbejiya, wadda mutanen gabas ke kira maina, suna maganinsu: a daka kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma har cikin matsatsin, a maimaita duk mako.

Akwai kuma ciwon da ke fitar da tabo mai launin shuɗi-ja a ganye har ya karye. Danshi ne ke kawo shi, shi ya sa albasar damina ke da wuyar sha'ani. A zuba ruwa a gindi da safe maimakon a kan ganye da dare, a cire ganyen da ya kamu, kada kuma a maimaita albasa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Fiya-fiya da sauran magungunan da ba a san kansu ba ba su da wuri a fangalin da yara ke wasa kusa da shi, ake kuma tsinkar ganyensa ana jefawa a miya.

Inda ribar take

Albasa da kanta take nuna ta nuna. Wuyanta zai yi laushi, in an matsa da babban yatsa a ji ba komai a ciki, ganyen ya kwanta. In rabi ko fiye sun kwanta, a ɗauke ruwa na kwana goma zuwa mako biyu, sannan a tumɓuke. Kada a baza ta tsirara a ranar bazara, dafa ta take yi. A shanya a inuwa mai iska, ko a jera yadda ganyen wannan zai rufe kan waccan, har wuya ya bushe ƙayau, ɓawon waje yana ƙara in an taɓa. Daga nan a yanke ganyen a bar wuya kamar santimita uku, ko a kitse su a rataye.

Mai gida yana cire tasa ne daidai lokacin da ta fi araha a kasuwa. In ya cinye ta a Afrilu bai ci wata riba ba. Hikimar ita ce ya ci ta kasuwa tana araha, ya adana tasa sai damina. Zafi mai bushewa ba ya cutar da busasshiyar albasa, hana ta tsiro ma yake yi. Danshi da rashin iska su ne masu ruɓar da ita. Manoman Nijar da Sakkwato suna zuba tasu a rudu, wata bukka mai gado a sama da ƙasa don iska ta ratsa, duk da haka tarin yawa yana jawo musu asara, domin ɗaya in ta ruɓe sai ta shafi na kusa da ita. Mai ƙwaya ɗari da 'yan kai ya fi su sauƙi. Zai iya ratayewa a rumfa ko a zaure inda ruwa ba ya taɓawa, ya duba duk mako, ya fara cin masu kaurin wuya da masu rauni. Ban da leda, ban da ɗaurarren buhu. Jar albasa mai kyau da aka yi wa haka tana kai wata huɗu zuwa shida. Ta gida ta fi ta kasuwa wannan juriya, domin mai ita ya san bai cika mata yuriya ba, bai kuma cire ta da ɗanyen wuya don gaggawar kama kasuwa ba.

In an yi sa'a wasu suka kai Nuwamba lafiya, a ware biyar ko shida mafiya kyau a sake dasawa. Za su yi kara su yi fure, ƙudaje da ƙudan zuma su yi nasu aikin, zuwa Maris a samu baƙin iri sabo wanda ba a saya a hannun kowa ba.

Ga wanda ba shi da fili

Mai zaman haya ko mai tsakar gida ta siminti ya nemi lawashi, ya bar neman kai. Tsohon buhu, fasasshen baho ko bokiti da aka huda ƙasansa, a cika da ƙasa da taki, ya wadatar. Albasar da ta tsiro a kicin, wadda ake shirin zubarwa, in aka dasa ta za ta ba da ganye cikin mako biyu zuwa uku, a yi ta yanka yana sake fitowa. Wannan ba ya jiran hunturu, ko da damina yana yi in ruwa na tsiyayewa. Abin da ya yi saura a daka a dunƙula a shanya ya zama gabu, wanda iyayenmu suka daɗe suna ƙamsasa miya da shi in albasa ta yi wuya.

Abin da ya rage

Fangali ɗaya ba zai sauke farashi a kasuwar Nguru ko ta Gashuwa ba, ba zai kuma maye gurbin mai lambu ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗauke wa gida sayen albasa a watannin da ta fi tsada, ya kuma samar da lawashi duk shekara. Ga mai ruwan rijiya ko famfo mai daɗi, da mai iya tara ruwan da gida ke zubarwa, abin yana biya. Ga wanda kowane ɗigo sai ya saya, ya tsaya a kan buhun lawashi, ya sayi busasshiyar jar albasa a Maris ya rataye.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana koyar da aikin gona, shirin raya karkara na NEAZDP da ke Garin Alƙali kuma ya daɗe yana aiki da ƙauyukan yankin. Abin da magidanta ke buƙata daga irin waɗannan wurare ba shi da yawa: iri da aka gwada, dashe mai lafiya a ranakun kasuwa na Nuwamba, da malaman gona mata da za su iya shiga gidaje, tun da yawancin wannan aiki a hannun mata zai kasance.

Mai karatu, in kana da niyya, kada ka jira sai ka ga ta wani ta yi kyau. Ka tanadi taki tun da damina, ka gwada irinka a Satumba, ka fara da fangali ɗaya tak. In ya yi kyau ka ƙara na biyu baɗi. Allah Ya sa albarka.